Yadda na yanke shawara tsakanin sabuwar ƙaramar jif da ta hannu

Motar da na daɗe ina hawa ƙarama ce mai zama ƙasa, kuma ba ni da abin zargi a kanta face ƙuncin da ta fara yi mana bayan iyali ya ƙaru. Da zarar an ɗaura kujerun yara biyu a baya babu sauran wurin da babban mutum zai zauna, keken jariri kaɗai ke cike but ɗinta, sannan duk inda hanya ta lalace sai na ji cikinta yana gogar ƙasa. Wannan ne ya sa na tsayar da zuciyata a kan ƙaramar jif, wato motocin nan masu kujera biyar da injin silinda huɗu, waɗanda tsawonsu ke kaiwa mita huɗu da rabi ko ɗan fiye da haka, cikinsu kuma ya ɗaga daga ƙasa da kusan santimita 20. Toyota ce ta buɗe wannan fage sosai da RAV4 a 1994, Honda ta biyo baya da CR-V a 1995, sannan irin su Subaru Forester da Nissan X-Trail da Hyundai Tucson da Mazda CX-5 suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Ba a kan shasi na daban aka ɗora su kamar manyan jif da motocin ɗaukar kaya ba, jikinsu da ƙashinsu a haɗe suke kamar na ƙaramar mota, shi ya sa tuƙinsu yake da sauƙi, shan mansu kuma bai kai na manya ba. Zaɓen nau'in motar bai ba ni wahala ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne ko in sayi sabuwa dal ko in nemi ta hannu.

Tun farko ga sabuwa zuciyata ta karkata, kuma dalilina guda ɗaya ne, kwanciyar hankali. Mutumin da zai riƙa ɗaukar ƙananan yara a mota ba ya son abin da zai tsaya masa a hanya, ba ya kuma son ya gaji matsalar da wani ya gaji da ita ya sayar. Da na je wurin dilan kamfani, mai sayarwar ya ƙarfafa mini wannan tunani, domin duk maganarsa a kan garanti ta tsaya. Gaskiya ce ya faɗa, garanti abu ne mai daraja. Toyota takan ba da shekara uku ko kilomita 100,000 a ƙasashe da yawa, a Turai Hyundai tana ba da shekara biyar ba tare da iyakar kilomita ba, Kia kuma shekara bakwai ko kilomita 150,000. A tsawon wannan lokaci, idan inji ko giyabos ko wata na'urar lantarki ta samu matsala daga ƙira, kamfani ne ke ɗaukar nauyin gyara. Ban da haka, mai sayen sabuwa shi ke zaɓen launi da injin da yake so, shi ne zai fara ɗora kilomita a kanta, kuma ya san babu wanda ya taɓa barin ta ta yi zafi ko ya tsallake lokacin canza baƙin mai. Na fito daga wurin da takardar farashi a hannuna, ina jin cewa magana ta kusa ƙarewa.

Sai da na zauna da takarda da biro abin ya sauya kama. Farashin da ke jikin gilashi ba shi ne abin da mota za ta ci maka ba. Abin da za ta ci shi ne bambancin da ke tsakanin kuɗin da ka saye ta da kuɗin da za ka sayar da ita, a haɗa da mai da inshora da sabis da gyara na shekarun da ta yi a hannunka. A cikin waɗannan duka, faɗuwar daraja ce ta fi girma ga sabuwar mota, ita ce kuma wadda ba a gani, tunda babu ranar da wani zai miƙo maka rasit ɗinta. Mota ta fi zubar da daraja a shekarunta na farko, daga nan faɗuwar takan yi sauƙi. Na san cewa zan riƙe motar kimanin shekara biyar, saboda haka na bi tallace-tallacen mota iri ɗaya na kwatanta abu biyu: nawa sabuwa za ta rasa daga ranar saye zuwa shekara biyar, nawa kuma mai shekara uku za ta rasa kafin ta kai takwas. Ratar da na gani ba ƙarama ba ce, ko da yake motocin da na fi so suna cikin masu riƙe daraja, abin da ke rage ribar sayen ta hannu idan aka kwatanta da wasu. Mai shekara uku da ke cikin koshin lafiya ana neman kusan kashi bakwai cikin goma na kuɗin sabuwa a kanta.

Wannan rata ba a tsaye take ba, shi ya sa bai kamata mutum ya dogara da abin da ya ji a bakin wanda ya sayi mota shekarun baya ba. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci ya rage yawan sababbin da kamfanoni ke fitarwa, farashin na hannu ya yi tashin da ba a saba gani ba, har wasu masu ƙarancin kilomita suka kusa kamo sababbi. Wanda ya sayi sabuwa a irin wannan lokaci, idan ya samu, ya fi riba. Dole ne kowa ya duba kasuwar ranar da yake saye da idonsa.

Sauran kuɗaɗen ban daɗe a kansu ba. Cikakkiyar inshora takan bi darajar mota, saboda haka ta sabuwa ta fi tsada. Masu ba da rancen mota kuwa sukan ɗora kuɗin ruwa mafi yawa a kan ta hannu, kamfanoni kuma wani lokaci sukan yi rangwame a kan sabuwa domin su jawo mai saye, sai dai ni ba na son bashi, kuma abin da na tara zai sayi ta hannu kai tsaye amma ba zai kai ga sabuwa ba sai da ciko. Shan mai kusan ɗaya ne muddin injin ɗaya ne. Inda ta hannu ke da rauni shi ne gyara, domin a shekara ta uku zuwa ta biyar ne taya da batir da birki suke neman canji, kuma na rubuta waɗannan duka a ɓangarenta ba tare da na rage komai ba. Duk da haka lissafi ya rinjaya wajenta.

Akwai abin da ban yarda in auna shi da kuɗi ba, shi ne tsaron rai. A nan tsufan mota yana da tasiri na gaske, saboda dokoki da fasaha sun yi tafiya mai nisa cikin 'yan shekaru. Na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa a kwana, wadda ke kama birkin ƙafa ɗaya domin ta dawo da ita hanya, ta zama dole a sababbin motocin Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga 2014, kuma tana da muhimmanci ƙwarai ga mota mai tsayi kamar jif, wadda nauyinta ya fi ɗagawa sama. Kyamarar baya ta zama dole a Amurka a 2018. Birkin gaggawa mai kama kansa idan direba ya makara ya zama wajibi ga dukkan sababbin motoci a Tarayyar Turai daga Yulin 2024, ko da yake kamfanoni da yawa sun fara saka shi tun kafin nan. Na kafa wa kaina sharaɗi cewa duk motar da zan saya sai tana da waɗannan uku, da jakunkunan iska na gefe, da maƙalan ISOFIX na ɗaura kujerun yara. Na kuma duba sakamakon gwajin karo na Euro NCAP, hukumar da ke wannan aiki tun 1997, tare da lura da cewa tauraro biyar na shekarun baya ba daidai yake da tauraro biyar na yanzu ba, domin ana ƙara tsaurara gwajin. Wani abin lura shi ne mota mai suna ɗaya tana iya zuwa da kayan kariya daban-daban gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta, don haka motar da ke gabanka za ka duba, ba takardar talla ba.

Wannan sharaɗi ya fitar da duk motar da ta haura shekara biyar ko shida daga lissafina, ya kuma nuna mini abin da ya rage kwarjinin sabuwa a idona. Kamfanoni ba sa sake mota gaba ɗaya kowace shekara. Sukan fitar da zubi guda su yi shekaru suna sayar da shi, suna ɗan taɓa fitilu da allon gaba. Zubi na biyar na RAV4, alal misali, a 2018 aka fito da shi, kuma ya daɗe a kasuwa. A lokacin da nake nema, sabuwar da na gani a wurin dila da mai shekara uku duk zubi ɗaya ne, ƙashi ɗaya, inji ɗaya, giya ɗaya. Ƙarin kuɗin da zan biya a kan sabuwa ba ingantacciyar mota zai saya mini ba, tabbaci zai saya mini cewa babu wanda ya wulakanta ta. Daga nan tambayar ta koma wannan: zan iya samun irin wannan tabbaci, ko abin da ya kusa da shi, ta hanyar bincike?

Na nemi wani bakanike dattijo da ba shi da alaƙa da kowane mai sayarwa, muka yi yarjejeniya zan biya shi ladan duba kowace mota ko na saya ko ban saya ba. Ta farko da muka tsaya a kanta sosai tana sheƙi kamar ba a taɓa hawanta ba, mitarta kuma tana nuna kilomita kaɗan, ga farashi mai daɗi. Ni fenti da kujeru nake kallo, shi kuwa ya durƙusa a ƙofar direba yana shafa robar fedar birki. Gefenta na dama ya suɗe har ƙarfe ya fara leƙowa, fatar sitiyari ta yi santsi a inda hannu ke zama, gefen kujerar direba kuma ya lotsa. Ya ɗago ya ce mini, "Malam, ƙafar da ta cinye wannan roba ta yi tafiyar da ta ninka abin da mitar nan ke faɗa." Ya buɗe bonet ya nuna mini kusoshin da ke riƙe da fuka-fukin gaba na hagu, wato ƙarfen jikin mota da ke saman taya, fentin kawunansu ya ɓantare, alamar an taɓa sa musu sifana, alhali na dama suna nan lafiya lau. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da fuka-fukin ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa. Da ya ɗora ɗan abin auna kaurin fenti, sai wannan gefen ya nuna ninkin sauran jikin motar.

Bai tsaya nan ba. Ƙarƙashin sitiyarin kowace motar zamani akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake jona na'urar bincike, tsarin da ake kira OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka tun 1996 ya kuma bazu duniya. Da ya jona, babu lambar matsala ko ɗaya, abin da ni na ɗauka albishir ne. Shi kuwa ya nuna mini wani shafi inda kwamfutar motar ke bayyana ko ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kuma yawancinsu ba su kammala ba. Ya bayyana mini cewa haka ke faruwa idan an goge lambobin matsala ko an cire batir kwanan nan, kuma sai an yi tafiya mai ɗan nisa kafin su dawo, tare da duk fitilar gargaɗin da aka kashe. Muka nemi a bar mu mu kai ta gareji a ɗaga ta mu ga cikinta, mai sayarwar ya ce ba ya barin motarsa ta fita. A nan muka yi sallama, domin ba zan yi cinikin biri a sama ba.

Wata kuma da muka gani daga baya ƙamshin turare ya yi mata yawa. Da bakaniken ya ɗaga kafet ya tarar da busasshen laka a lungu, layin da kujera ke gudu a kai ya yi tsatsa, bel ɗin kujera kuma da aka ja shi har ƙarshe yana da tabon ruwa. Motar da ambaliya ta taɓa shanyewa tana iya tashi lafiya yau, amma tsatsar da ke cin mahaɗan wayoyinta ba ta daina aiki, kuma matsalolin lantarkinta ba sa ƙarewa. Ba mu ko tayar da ita ba.

Bayan waɗannan biyu raina ya yi sanyi, har na sake ɗauko takardar farashin sabuwa. Na ce wa maiɗakina wataƙila ƙarin kuɗin nan shi ne kuɗin barci mai daɗi, kuma ya cancanci a biya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baban yara, ai motocin nan biyu ba su cuce ka ba, tunda an gano su kafin ka biya. Abin da zai hana ka barci shi ne bashin da za ka ci ka cike kuɗin sabuwa." Na ga gaskiyarta. Binciken ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi, ladan bakaniken kuma bai kai komai ba a kan asarar da ya kawar. Duk da haka ina ganin akwai mutanen da sabuwa ta fi dacewa da su, kuma ba zan ce sun yi ɓarna ba. Wanda zai riƙe mota shekara goma ko fiye, faɗuwar darajar farko takan baje a kan shekaru masu yawa har nauyinta ya ragu. Wanda aikinsa ba ya jure tsayawar mota ko ta yini ɗaya, ko yake cin dogon zango kullum, garanti cikakke ya fi masa amfani. Haka wanda ba shi da amintaccen bakanike, ko ba shi da lokacin zirga-zirga da haƙurin juya baya ga motar da ta burge shi, domin sayen ta hannu ba tare da waɗannan ba kasada ce zalla.

Da na koma nema sai na sauya tsari, na daina fara zuwa ganin mota, na koma fara neman takardunta. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, tsarin da aka daidaita tun 1981, wanda ba a sa haruffan I da O da Q a cikinsa don kada a rikita su da 1 da 0. Ana ganin ta ta ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, kuma wajibi ne ta yi daidai da wadda ke cikin takardu harafi da harafi. Da wannan lamba ake bincika ko an taɓa kai rahoton sace motar, ko akwai bashin da ke kanta, ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ta lalace fiye da gyara. Da ita kuma ake duba ko kamfanin da ya ƙera ta ya taɓa kiran irinta domin gyaran wani lahani, gyaran da ake yi kyauta a wurin dilan kamfani ko mota ta sauya hannu. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan, waɗanda sinadarin da ke hura su kan lalace da zafi da laima har ya fashe ya watsa ɓaraguzan ƙarfe, sun sa an kira motoci miliyoyi masu yawa na kamfanoni daban-daban, har kamfanin ya durƙushe a 2017. Duk mai sayarwar da ya yi nauyin baki wajen ba ni lambar shasi, ban ƙara ɓata lokaci a kansa ba.

A wannan mataki ne kuma na tsayar da irin injin da giyar da nake so, saboda a motar hannu sauƙin ƙira yana rage abin da zai iya lalacewa. Ƙananan jif na yanzu suna zuwa da giya iri-iri: akwai otomatik ta gargajiya, akwai CVT mai bel na ƙarfe wadda ba ta da matakai, akwai mai kuloci biyu. Kowace tana da amfaninta, amma CVT ba ta yafe sakaci da manta, mai kuloci biyu kuma wasu nau'o'inta ba sa son cunkoson da ake tafiya ana tsayawa. Ƙaramin inji mai turbo yana da ƙarfi da tattalin mai, sai dai yana buƙatar baƙin mai mai kyau a kan lokaci, kuma ba zan iya sanin yadda wani ya kula da shi ba sai da shaida. Na bar mai jan ƙafa huɗu, tunda hanyoyin da nake bi ba su buƙatarta, ga ƙarin nauyi da shan mai, ga kuma sharaɗin cewa tayoyinta huɗu su kasance kusan daidai wajen cinyewa. Mai haɗa fetur da batir ta ja hankalina ƙwarai saboda tattalinta a cikin gari, kuma Toyota ta ƙara garantin batirinta a Amurka zuwa shekara goma ko mil 150,000 daga ƙirar 2020, amma waɗanda na samu na hannu farashinsu ya matso na sabuwa har ribar ta kusa ɓacewa.

Wadda na saya a ƙarshe RAV4 ce mai shekara uku, mai injin lita 2.5 da giya otomatik mai matakai takwas, a hannun mutumin da ya saye ta sabuwa. Ba ita ce mafi araha cikin waɗanda na gani ba, kilomitarta ma ta ɗan fi ta wasu, amma da na tambayi tarihinta sai ya ɗauko littafin sabis da wata jaka cike da rasit. Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kwanan wata da kilomita suna hawa a jere babu tsallake, na ƙarshe kuma ya yi daidai da abin da ke kan mita. Na roƙe shi kada ya tayar da ita kafin mu zo washegari, domin inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. Bakaniken ya taɓa injin da hannu ya tabbatar da sanyinsa, ya sa ni na murɗa makulli zuwa matakin da ke gab da tayar da inji mu ga dukkan fitilun gargaɗi sun kama, sannan mu ga sun mutu bayan ta tashi, saboda akwai masu cire ƙwan fitilar da ba sa son a gani. Ta tashi bugu ɗaya, babu ƙara, babu hayaƙi mai shuɗi daga salansa. Murfin baƙin mai ba shi da farin kumfa a ciki, ruwan lagireto kuma launinsa tas.

Mun tuƙa ta a cikin cunkoso da kan babbar hanya da kuma hanya mai gargada, rediyo a kashe. Na saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya ba ta ja gefe ba, na taka birki da ƙarfi ba ta girgiza ba, giya kuma tana shiga babu fizga ko jinkiri. Mai motar da kansa ya bi mu gareji aka ɗaga ta. Cikinta a bushe yake, babu ɗigon mai, babu alamar walda ko miƙe ƙarfe, robobin ƙafafu ba su tsage ba. Abin da aka samu na lalacewar yau da kullum ne. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 3521 yana nufin mako na 35 na 2021, kuma nata sun nuna cewa tayoyin da ta fito da su daga kamfani ne, abin da ya ƙara gaskata mitar. Zanensu ya kusa kaiwa milimita 1.6 da dokar ƙasashe da yawa ta sa a matsayin iyaka. Birkin gaba ya yi nisa, batir kuma ya fara rauni. Bakaniken ya rubuta kuɗin waɗannan uku a takarda, na nuna wa mai motar, ya duba ya ce magana ce ta gaskiya, ya rage kusan dukkansu daga farashi.

Kafin in biya na kira dilan kamfani da lambar shasi domin in ji matsayin garanti, kuma wannan mataki ne da nake ganin bai kamata kowa ya tsallake ba, domin ba kowane garanti ne ke bin mota zuwa hannu na biyu yadda yake ba. A Amurka, misali, garantin inji da giya na shekara goma ko mil 100,000 da Hyundai da Kia ke bayarwa na mai saye na farko ne kaɗai, wanda ya saya daga hannunsa shekara biyar ko mil 60,000 yake samu, a ƙirga daga ranar sayen farko. Wasu kuma sukan soke garanti idan ba a yi sabis a kan ƙa'ida ba. A tawa an tabbatar mini da abin da ya rage, an kuma tabbatar babu wani kiran gyara da ba a amsa ba. Muka rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da kilomita da kwanan wata, shaidu suka sa hannu, na karɓi makullai biyu, domin makullin motar zamani yana da tsada idan za a yi sabo, na biya ta banki don a samu shaida, aka kuma sauya sunan mallaka ba tare da jinkiri ba.

Daga wurin ciniki gareji ta wuce. An canza baƙin mai da matatunsa, da matatar iska, da man birki, an sa sababbin tayoyi huɗu da birkin gaba da batir, an daidaita ƙafafu, domin in san daga ina nawa lissafin sabis ya fara. Kuɗin da ya rage daga abin da na tara ban taɓa shi ba, na ware shi a asusu na daban saboda gyaran da garanti ba zai ƙara ɗauka ba nan gaba, musamman abin da ya shafi giya da na'urar sanyaya da kayan lantarki. Rasit ɗin wannan aiki na farko na saka shi a jakar da tsohon mai motar ya ba ni, a bayan nasa, kuma sabis na gaba zai zo bayan kilomita 10,000 ko shekara guda, duk wanda ya riga.